Tallafin Manoma Bayan Ambaliya: Kada Ya Zama Ihu Bayan Hari

A ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, rayuwar mafi yawan gidaje ta rataya ne a kan damina guda: gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. Idan ambaliya ta kwantar da gero a watan Agusta, ko ruwa ya ɗauke ana tsakiyar fitar da kai, shekarar gidan ta tafi. A irin wannan hali ne gwamnati kan yi alkawarin tallafi. Abin da wannan maƙala ke jayayya a kai shi ne lokacin da tallafin ke isowa da kuma hannun da yake faɗawa.

Ambaliyar 2022 ta isa misali. Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki a wannan shekara, amma babban shirin farfaɗo da sana'o'in waɗanda abin ya shafa, wanda Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, ta gudanar, sai a 2023 ya kai ga jama'a. Tsakanin asara da agaji akwai watanni, kuma a cikinsu ne manomi ke sayar da akuyarsa, ya cinye irin da ya ajiye, ya jinginar da gona, ko ya tafi cin rani. Taki da irin da suka zo bayan an jinginar da gona, ihu ne bayan hari.

Matsala ta biyu ita ce rajista. Galibi sai bala'i ya auku ake fara tattara sunaye cikin gaggawa, kuma a nan ne son kai da siyasa ke samun ƙofa. Wanda ya yi noma a gonar haya ko ta aro, da macen da ke noma gayaunarta, su ne suka fi saurin faɗuwa daga jerin, domin ana neman mai gona ne, alhali asarar ta wanda ya zuba guminsa ce. Haka kuma idon hukuma ya fi karkata ga ambaliya, musamman a kwarin Haɗejiya inda ɓarnar ke fitowa fili a hoto. Fari kuwa, wanda ke yi wa yankin Babura da ke iyaka da Jamhuriyar Nijar barazana, a hankali yake cin gona, ba ya jawo tawagar jaje.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar hukuma. Malaman gona, tare da dagatai da masu unguwanni, su rubuta sunan kowane manomi da abin da ya shuka tun farkon damina, a karanta jerin a bainar jama'a domin wanda aka tsallake ya yi magana. Sannan a ɗaure biyan tallafi da wa'adi, ya isa kafin a fara noman rani a watan Nuwamba, lokacin da mai fadama ko mai fili a aikin ban ruwa na Gari zai iya mayar da wani ɓangare na asararsa. Akwai kuma inshorar noma ta hukumar NAIC, wadda gwamnati ke ɗaukar wani kaso na kuɗinta, amma ƙaramin manomi bai cika saninta ba. Ya kamata jiha ta shigar da manoma cikinta ta hanyar ƙungiyoyinsu, tare da neman bayanin malamai ga masu shakku kan hukuncinta.

Hukumomin NiMet da NIHSA na fitar da hasashen damina da na ambaliya tun kafin ruwa ya sauka. Tunda gargaɗi na zuwa da wuri, babu hujjar da za ta sa rajista da kuɗin tallafi su jira sai gona ta nutse. Majalisar Dokokin Jihar Jigawa na da ikon sanya wannan wa'adi cikin doka, kuma ya dace ta yi hakan kafin damina mai zuwa.