A Bar Wa 'Yan Gida Ƙofa

Jama'a, a jami'o'in Amurka akwai wani irin wasan ƙwallo wanda akan rungumi ƙwallon a sheƙa da shi. Masu koyad da wasan sukan bi makarantun sakandare suna zaɓen samari, a ɗauke musu kuɗin karatu. Akwai kuma waɗanda ba su sami wannan alheri ba, su kawo kansu, su biya daga aljihunsu.

Jami'ar Nebraska ta daɗe tana karɓar irin waɗannan daga ƙauyukan jiharta, kuma a zamanin Tom Osborne ta zama zakaran ƙasa a 1994 da 1995 da 1997. Baker Mayfield ma haka ya fara, ga shi a 2017 shi ya karɓi Heisman, watau kyautar gwanin shekara.

To, a 2025 aka ƙayyade 'yan wasa 105 ga kowace jami'a da ta shiga sabon tsari. Wa zai rasa wuri? Ai yaran nan ne marasa suna. A ganinmu wannan hasara ce, gama ba a san maci tuwo sai miya ta ƙare. Mu da za mu zama malamai, kada mu yanke wa yaro hukunci tun ran farko.