"Baƙin Tuffa": Shin Manhajar Apple Za Ta Zauna A Kwamfutar Da Ba Ta Apple Ba?

Kusan babu makon da zai wuce ba a aiko mana da tambaya ɗaya ba, mu matasan da ke harkar haɗa kaya da lodin kwantena a gundumar Huangpu ta birnin Guangzhou, a kudancin ƙasar Sin. Ko daga unguwar Sabo ta Ibadan ne, ko Agege, ko Nima ta Akara, ko Zangon Kumasi, tambayar ba ta sauyawa: wai da gaske ne za a iya sayen kwamfuta mai araha, a ɗora mata babbar manhajar kamfanin Apple, ta koma aiki tamkar Mac? In kuwa haka ne, me zai hana a haɗa musu guda hamsin ko ɗari a kwantenar da za ta tashi?

Amsar a taƙaice ita ce, e, an shafe kusan shekara 20 ana yin haka, amma ta ƙofar baya, ba da yardar mai gida ba. Yanzu kuma mai gidan ya fara toshe wannan ƙofa da tubali. Saboda kuɗin 'yan'uwa ne a ciki, kuma sunanmu ne a kan takardun kaya, muka ga ya dace mu warware wa jama'a zare da abawa.

Da farko dai, kowace kwamfuta abu biyu ce. Akwai ƙarfen da ake gani ana taɓawa, akwai kuma babbar manhaja wadda ke tafiyar da shi, wadda in babu ita, na'urar ba ta da maraba da akwatin banza. Kamfanin Microsoft ya ɗauki hanyar sayar da tasa manhajar, wato Windows, ga kowane maƙeri: HP, Dell, Lenovo da sauransu. Shi kuwa Apple ya ce shi ne maƙerin, shi ne kuma mai manhajar, ba ya raba su. A cikin yarjejeniyar da mutum ke amincewa da ita kafin ya yi amfani da macOS, an rubuta ƙarara cewa ba a yarda a ɗora ta a kan na'urar da ba ta Apple ba. Ma'ana, ƙarfen ne kawai ka mallaka. Manhajar izinin amfani aka ba ka, bisa sharaɗi.

Sau ɗaya kamfanin ya taɓa sassautawa. Daga 1995 zuwa 1997 ya bai wa wasu kamfanoni irin su Power Computing da Motorola da UMAX lasisin ƙera kwamfutoci masu manhajarsa. Sai ya zamana maimakon su jawo sababbin masu saye, cinikin Apple ɗin suke ci. Da Steve Jobs ya dawo kan ragamar kamfanin a 1997, bai ɓata lokaci ba ya rufe wannan babi.

To, ta ina ƙofar bayan ta samu? A watan Yunin 2005 Apple ya sanar da cewa zai daina amfani da ƙwaƙwalwar na'ura samfurin PowerPC, ya koma ta kamfanin Intel, kuma a watan Janairun 2006 irin waɗannan kwamfutoci suka shigo kasuwa. Ƙwaƙwalwar Intel kuwa ita ce a cikin mafi yawan kwamfutocin gama-gari. Ke nan Mac da sauran kwamfutoci sun zama 'yan uwa ɗaya, uba daban. Nan da nan masu ƙwarewa suka gano yadda za su yaudari manhajar ta zaci a gidanta take. Suka ƙirƙiro 'yan manhajojin tayar da na'ura irin su Chameleon, daga baya Clover, sannan OpenCore. Turawa suka raɗa wa irin wannan kwamfuta suna Hackintosh. Sinawa kuwa, da yake Apple na nufin tuffa, sai suke kiranta da sunan da ke nufin "baƙin tuffa". A shagunan intanet na ƙasar nan za ka tarar da masu sayar da ita a harhaɗe, da kuma masu karɓar 'yan kuɗi su ɗora maka manhajar daga nesa.

Akwai wanda ya taɓa ɗaukar wannan dabara ya mayar da ita kasuwanci a bainar jama'a, kuma ya kamata duk mai niyyar cika kwantena ya san yadda ta ƙare masa. A watan Afrilun 2008 wani ƙaramin kamfani mai suna Psystar a jihar Florida ta Amurka ya fara sayar da kwamfuta ɗauke da manhajar Apple, farashinta ya fara daga dala 399. A watan Yulin shekarar Apple ya maka shi kotu. A watan Nuwamban 2009 mai shari'a William Alsup ya yanke hukunci cewa Psystar ya keta haƙƙin mallakar Apple. Kamfanin ya amince da biyan diyyar kusan dala miliyan 2.7, aka kuma haramta masa sana'ar har abada. Ya ɗaukaka ƙara bai yi nasara ba a 2011, Kotun Ƙolin Amurka kuma ta ƙi sauraronsa a 2012.

Wani zai ce wannan ai hukuncin Amurka ne, ina ruwan mai shago a titin Beirut ko Farm Centre a Kano? Gaskiya ne alƙalin Amurka ba zai zo kasuwarmu ba. Amma kaya kafin su isa Apapa ko Kwatano ko Tema, sai sun bi ta hannun kwastan a nan, ko ta tashar Huangpu ko ta Nansha, kuma binciken kayan jabu yana cikin aikinsu. Ranar da wani ya ƙara wayo ya manna tambarin tuffa a jikin kwamfutar da ba Apple ya ƙera ba, maganar ta tashi daga saɓa yarjejeniya ta koma jabu. Kwantena kuwa, kamar yadda kowa ya sani, sau tari ta haɗaka ce: kayan mutum goma ko ashirin ne a ciki. In aka riƙe ta saboda kwalin mutum ɗaya, mai yadi da mai takalmi da mai kayan gyaran babur duk sun shiga uku ba su ji ba ba su gani ba.

Mu ajiye batun doka, mu dubi aikin kansa. Kowane ɓangare na kwamfuta, kama daga na sauti, na hoto, zuwa na kama intanet, yana buƙatar wata 'yar manhaja da ke yi masa tafinta tsakaninsa da babbar manhaja. Apple na rubuta tafinta ne don kayan da shi ya zaɓa kawai. Shi ya sa tun daga macOS Mojave ta 2018 sababbin katunan hoto na kamfanin Nvidia suka daina aiki da manhajar. Haka kuma a macOS Sonoma ta 2023 aka cire tafintan wasu katunan Wi-Fi na Broadcom waɗanda masu baƙin tuffa suka daɗe suna dogaro da su. A kwamfutar tafi-da-gidanka abin ya fi muni: yau kyamara ce ta ƙi, gobe batir ne ke zuƙewa, jibi in ka rufe murfi ta ƙi farkawa. Babban abin tsoro shi ne sabuntawa. Mai Mac ta gaskiya zai danna ya tafi shan shayi. Mai baƙin tuffa in ya danna ba tare da shiri ba, yana iya wayar gari da baƙin allo, ga aikin mutane a ciki. Wanda ya harhaɗa masa ita kuwa yana can Gangding a Guangzhou ko Huaqiangbei a Shenzhen, ba su san juna ba, ba sa ma jin yaren juna.

Duk da haka, ba za mu ƙi faɗin gaskiya ba: baƙin tuffa ta yi wa matasa da dama rana. Manhajar tace fim ta Final Cut Pro, da ta haɗa sauti ta Logic Pro, da Xcode wadda ake rubuta manhajojin iPhone da ita, duk ba sa hawa Windows. Yaron da ba shi da halin sayen Mac amma yana da basira da haƙuri, ya koyi sana'a ta wannan hanya, kuma ya koyi cikin kwamfuta fiye da wanda aka saya wa sabuwa a kwali. Amma fa akwai bambanci tsakanin wanda ya harhaɗa abinsa da hannunsa, ya san inda za ta ciza, da wanda aka sayar wa a matsayin "Mac ce, kwali ne kawai ya bambanta". Na farko ya san abin da ya shiga. Na biyu cutarsa aka yi.

Yanzu ga abin da ya sa muka ce ana toshe ƙofar. A watan Yunin 2020 Apple ya sanar da cewa zai rabu da Intel ya koma ƙera ƙwaƙwalwarsa da kansa. A watan Nuwamban shekarar ya fito da M1, kuma zuwa Yunin 2023 ya daina fitar da duk wata Mac mai Intel. Wannan sabuwar ƙwaƙwalwa ba ya sayar wa kowa ita. Sannan a watan Yunin 2025 ya bayyana cewa macOS Tahoe, wadda ta fito a watan Satumban shekarar, ita ce ta ƙarshe da za ta yi aiki da Intel, tare da alkawarin ci gaba da gyare-gyaren tsaro na shekara uku. Tunda baƙin tuffa a kan wannan zumunta da Intel ta rayu, to daga Tahoe babu gaba. Wadda ke aiki yau za ta ci gaba da aiki gobe, amma sannu a hankali sababbin manhajoji za su riƙa tsallake ta, har ta zama kamar gidan da aka yanke wa wuta da ruwa.

Wannan bai tsaya ga baƙin tuffa ba. Tsofaffin Mac na gaskiya masu Intel, waɗanda ake kwasowa a matsayin na hannu, su ma kwanansu ƙidayayye ne. Samfura huɗu kacal na 2019 da 2020 ne Tahoe ta karɓa. Ita ma hujjar araha ta yi rauni, domin Mac mini mai M4 da ta fito a ƙarshen 2024 an sa mata dala 599 ne a Amurka. In mutum ya haɗa kuɗin kayan harhaɗawa da ladan mai ɗorawa da ranakun da zai rasa wajen gyara, sai ya ga ashe araha ba ta ado.

Darasin da muka ɗauka ya fi batun Apple faɗi. Gundumarmu ta Huangpu cike take da masana'antun kayan lantarki, har da masu ƙera gilashin talabijin da ƙwaƙwalen na'urori, kuma hakan ya sa ɗan kasuwarmu ya saba auna kaya da ido da hannu: nauyi, ƙyalli, girman ma'ajiya. Amma rayuwar kwamfuta a hannun mai manhaja take. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar tsofaffin na'urori da dama. Kamfanin Huawei na Shenzhen, wanda Amurka ta ƙaƙaba wa takunkumi tun 2019, ya fito da kwamfutoci masu manhajarsa ta HarmonyOS a watan Mayun 2025, kuma manhajojin Windows ba sa hawansu kai tsaye. Hatta sababbin kwamfutocin da ake sayarwa don kasuwar cikin gida ta Sin, da yawansu na zuwa da Windows mai harshen Sinanci kaɗai, wadda ba a sauya mata harshe sai an sayi wani lasisin. Duk waɗannan tarkuna ne da ke jiran wanda ya tambayi farashi bai tambayi manhaja ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu matasa masu saye da lodi a nan, daga Xiaobei da Sanyuanli har zuwa bakin tasha, da kada mu karɓi odar baƙin tuffa don sayarwa da sunan Mac, kada kuma mu yarda kwali mai tambarin ƙarya ya shiga kwantenar haɗaka. Ga iyayenmu da yayyenmu masu aiko da kuɗi, kafin ku ce a saya, ku sa a rubuto muku abu uku: wace manhaja ce a ciki, shin da lasisinta, kuma har zuwa yaushe mai ita zai ci gaba da kula da ita. Wanda aikinsa ya wajabta masa Mac, gara ya ƙara haƙuri ya tara ya sayi mai ƙwaƙwalwar M ko da ta hannu ce. Wanda kuwa rubutu da lissafi da intanet ne buƙatarsa, ga Windows mai lasisi, ga kuma Linux wadda kyauta ce, masu ita sun yarda a ɗora ta a kowace na'ura, kuma tana farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci.

Kakanninmu da suka kafa zanguna daga Gwanja har zuwa bakin teku ba da takardar banki suka yi fataucin goro ba. Da amana suka yi. Mutum zai ba da dukiyarsa ga wanda ba zai sake gani ba sai bayan watanni, ya kwanta ya yi barci. Wannan jarin ne muka gada, shi ne kuma ya sa ɗan kasuwa a Kumasi ke turo mana kuɗi a Sin bai taɓa ganin fuskarmu ba. Bai kamata mu musanya shi da ribar kwali hamsin ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara, balle wanda mai shi bai ma san an ara ba.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kuma kai kayan kowa gida lafiya.