SANNU BA TA HANA ZUWA

Kwanan baya wani malami abokin aikina ya zo gidana bayan la'asar, fuskarsa a murtuke sai ka ce wanda aka yi wa rasuwa. Shi dai wannan bawan Allah ya daɗe yana fama da ƙiba mai tsanani, ga ciwon sukari, ga hawan jini, har ya zamana in zai hau matakalar ofis sai ya tsaya ya huta sau biyu. Da likitoci suka ba shi shawara, sai ya sayar da filinsa, ya ci bashi ya cika, ya tafi ƙasar waje aka yi masa aikin tiyata irin wanda ake rage tumbi a karkatar da hanji. Da farko nauyi ya yi ta zubewa, amma da aka shiga wata na uku sai sikeli ya kafe, mako biyu cur allurar ba ta motsa ba. Ya ce mini, "Malam, ni dai na ga alama kuɗina sun tafi a banza." Na tambaye shi ko likitansa ne ya gaya masa haka. Ya ce a'a, sikeli ne ya gaya masa, da mutanen unguwa.

Saboda shi da ire-irensa na ɗauki alƙalami, don abin da ya same shi yana samun da yawa daga waɗanda aka yi wa wannan aiki. Abin da nake so in ce gajere ne. Wanda ya yanke wa aikin hukunci da awon mako ɗaya ko biyu ya zalunci kansa, kuma ɓarnar da fid da rai ke jawowa ta fi ta jinkirin yawa.

Bari mu fara da sanin aikin kansa. Wani likita ne mai suna Edward Mason, na Jami'ar Ayowa a Amurka, ya fara shi a 1966, bayan ya lura cewa waɗanda aka yanke wa sashen tumbi saboda gyambon ciki ba su cika sake yin ƙiba ba. Daga 1994 aka soma yaɗa hanyar yinsa ta 'yan ƙananan huji da na'urar leƙa ciki, ba sai an tsaga mutum ba. Likita yakan ware ɗan aljihu daga saman tumbi, wanda girmansa bai wuce ƙwan kaza ba, sa'an nan ya jawo ƙaramin hanji ya haɗa da shi. Saboda haka abinci sai ya tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Mutum yakan ƙoshi da 'yar loma kaɗan, kuma sinadaran da hanji ke aika wa ƙwaƙwalwa game da yunwa da ƙoshi sukan sake. Wuƙar likita ba ta cire kitse ko da gwargwadon ƙwayar gero. Jiki ne da kansa zai ƙone shi, shi kuwa jiki ba ya aiki da agogon mai gaggawa.

To, me ke sa nauyi ya zube da sauri da farko, sa'an nan ya tsaya? Jiki yana da ajiyar sukari a hanta da tsoka, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kamar giram 3. A makonnin farko, sa'ad da mutum ba ya shan kome sai romo da ruwa-ruwa, jiki yakan cinye ajiyar, ruwan ya fita, sikeli ya yi ta sauka, mai shi ya yi ta murna. Da an soma cin abinci sai jiki ya mai da ajiyarsa tare da ruwanta, allura ta tsaya, alhali kuwa kitse yana nan yana narkewa a ɓoye. Ban da wannan, kome jiki ya ƙara raguwa, abincin da yake ƙonewa a yini yana raguwa, kamar yadda ƙaramar mota ba ta shan man babbar lori. Gishiri, da taurin bayan gida, da al'adar mata, kowannensu yana iya ɗaga sikeli na 'yan kwanaki. Kilo ɗaya na kitse kuwa yana ɗauke da kalori wajen 7,700, watau ba abin da za a ƙone dare ɗaya ba ne.

Ga lissafi, tun da yake masu karatunmu ma'abota lissafi ne. A 1987 likitocin ƙasar Suwidin suka fara bin sawun masu ƙiba 4,047, waɗanda 2,010 daga cikinsu aka yi musu tiyata iri-iri. A 2007 suka bayyana cewa waɗanda aka yi wa irin wannan aiki sun rage kashi 32 cikin 100 na nauyinsu, kuma ba su kai ga haka ba sai tsakanin shekara ɗaya da biyu. Bayan shekara 10 ragin ya zauna a kashi 25. A ce mutum yana da kilo 130. Kashi 32 na wannan ya kama kilo 42 ke nan. In aka raba shi bisa wata 18, watau mako 78, za a ga abin da ke zuwa kowane mako ɗan fiye da rabin kilo ne kurum. Tun da yake mafi yawan ragin a watannin farko yake, lalle ne a sami makonni daga baya da ba za a ga kome ba. Mai kilo 100 kuma, ko da aikinsa ya yi kyau daidai da na wancan, kilo 32 zai rage. In ya tsaya gwada kansa da mai kilo 130, zai yi baƙin ciki a kan abin da ba laifi ba ne. Haka kuma masu yawan shekaru da masu ciwon sukari sukan fi sauran jinkiri.

Saurin rama ma ba shi ne shaidar nasara ba. Kowa ya san Maradona, gwanin ƙwallon ƙafa na ƙasar Ajantina. An yi masa wannan aiki a birnin Kartahena na Kolombiya a watan Maris na 2005, kuma kafin shekarar ta ƙare ya fito a talbijin siriri, duniya ta yi ta mamaki. Amma ƙiba ta komo, har a 2015 aka sake yi masa aiki a ƙasar Benezuwela. Ashe abin tambaya shi ne inda mutum zai kasance bayan shekara goma. Mu malamai mun san yaron da ke zuwa na ɗaya a gwajin mako, ya faɗi a jarrabawar ƙarshen shekara, mun kuma san wanda ke tafiya sannu-sannu har ya fita da takardar shaida.

Wanda ya fid da rai yakan faɗa ɗayan ramuka uku. Wani ya horar da kansa da yunwa, jiki ya koma cin tsokarsa, gashi ya zube, ƙarfi ya ƙare. Wani ya nufi masu tallan shayin rage ƙiba da jiƙe-jiƙe, waɗanda yawancinsu zawo da fitsari kurum suke sawa, su tsotse ruwan jikin da ma yake ƙaranci. Wani kuma ya ce tun da abin bai yi ba, bari ya koma gidan jiya. Wannan na uku shi ne ya yi asarar fili da gaske.

Abin da ya kamata ga shi. A hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, sikeli ɗaya, a rubuta a littafi, a duba jimla a ƙarshen wata kamar yadda akawu ke rufe littafin kuɗi. A riƙa auna ƙugu da tef ɗin tela, don sau da yawa wando yakan yi yawa sa'ad da sikeli ke tsaye. A fara kowane cin abinci da mai gina jiki, watau ƙwai, kifi, kaza, wake, awara ko kindirmo marar sukari, har a sami furotin aƙalla giram 60 a yini, sa'an nan ganye, tuwo ko shinkafa su zo a ƙarshe. A sha ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu, kurɓi-kurɓi, amma kada a haɗa da abinci, a dakata minti 30. A yi tafiyar ƙafa har ta kai minti 150 a mako. Kada kuma a bar shan bitamin da sinadarin ƙarfe da na ƙashi da likita ya rubuta, musamman B12, don wannan har iyakar rai ne.

Duk da haka ba na cewa kowane jinkiri lafiya ne. In wata guda ko fiye ya wuce cikin shekarar farko, sikeli da tef duka ba su motsa ba, to, a binciki kai da gaskiya. Ɓarawon ya fi shiga ta kofi. Fura mai sukari, da kunu, da lemon kwalba, da shayi mai kaurin madara, duk sukan wuce ɗan aljihun nan ba tare da sun ƙosar ba. Haka nan ciye-ciyen gyaɗa da cincin a teburin ofis tun safe har azahar. A rubuta duk abin da ya shiga baki kwana bakwai, a kai wa likita. Shi ne zai duba ko waɗansu magunguna ne ke riƙe nauyin, kamar allurar insulin, ko kuwa mahaɗar tumbi da hanji ce ta buɗe. Akwai kuma allurai na rage ƙiba, irin su semaglutide wadda Amurka ta amince da ita don wannan a 2021, da likita kan ƙara wa wanda aiki kaɗai bai ishe shi ba. Amma amai da ya ƙi tsayawa, ko ciwon ciki mai tsanani, ko baƙin bayan gida, waɗannan ba a yi musu haƙuri, asibiti ake nufa nan take.

A nan ne nake ganin babban rauninmu. Mutum ya tafi wata ƙasa, a yi masa aiki, ya komo da 'yar takarda, daga nan ba mai sake duba jininsa ko abincinsa. Wajibi ne duk mai niyyar tafiya ya shirya da wani likita na gida tun kafin ya tashi, ya kuma karɓo cikakken bayanin abin da aka yi masa.

Sauran magana ga dangi da abokan aiki. Ku ji tsoron Allah game da harsunanku. Mu ne muke ce wa mai teɓa ya ji daɗi, in ya nemi magani mu ce ya ɓarnatar da dukiya, in ya rame kuma mu ce ko wani ciwo yake ɓoyewa. Maimakon "Har yanzu ba ka rage ba?" gara a tambaye shi yaya ƙarfin jiki, a daina kuma tilasta masa cin abinci a wurin biki.

Shi abokin nawa, da na matsa masa da tambaya, sai ya faɗi da bakinsa cewa likita ya rage masa maganin sukari, yanzu kuma yana hawa matakalar ofis ba hutawa. Na ce masa ya je ya rubuta wannan a shafin farko na littafinsa, mu sake magana in shekara ta zagayo. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba mu haƙurin jiran abin da muka shuka, amin.