Kokawa, Ƙwallo Da Dambe: Kowa Na Jan Yaranmu, Wa Zai Riƙe Su?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in faɗi albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wannan al'amari kuwa shi ne yadda samarinmu majiya ƙarfi suke tsalle daga wannan wasa zuwa wancan, yau kokawa, gobe ƙwallo, jibi dambe, daga ƙarshe su tashi ba tsuntsu ba tarko.

Malam Edita, ba labarin ƙanzon kurege na kawo ba, abin a gidana ya faru. Akwai ɗan wana da na riƙa tun rasuwar mahaifinsa, Allah ya jiƙansa. Yaron nan tun yana ɗan shekara goma sha huɗu babu sa'ansa da ke kai bayansa ƙasa a unguwarmu. In ya kama ƙugun yaro, sai dai a ce sannu. Dattawan da suka ga jiya suka ga yau suna cewa ƙafarsa ta 'yan kokawar da ce, ba ta tuma banza. To amma me ya samu a kokawar? Tafi da shewa, sai ɗan goro, wani lokaci wani mai hali ya liƙa masa 'yan canji. Ana watsewa kowa ya kama gabansa.

Da abokansa suka ga jikinsa, sai suka ja shi ƙwallo, wai ya dace da tsaron baya. Ya yi shekara biyu yana bugawa a filin makaranta. Ana nan sai ga wani mutum ya sauka Gusau da takardu da hotuna a waya, wai yana ɗibar yara zuwa gwaji ƙasar waje. Yaro ya hana ni barci, uwarsa ta hana ni shan ruwa. Ni da kaina na kama ɗaya daga cikin shanun huɗata na kai kasuwa, na haɗa da kuɗin buhu biyu na wake, na danƙa. Yau shekara uku ke nan lambar mutumin nan ba ta shiga. Ban ɗora wa kowa laifi ba sai kaina, domin ni ɗan kasuwa ne, ban taɓa sayen akuya a cikin buhu ba sai ranar nan.

Kunya ta hana yaro zama gari. Sai labari muka ji wai yana wajen Abuja ya ɗaure hannu, ya shiga dambe. Gaskiya a watannin farko ya aiko wa uwarsa kuɗin da bai taɓa gani a kokawa ko ƙwallo ba. Amma damina tana faɗuwa aka kawo mana shi da karyayyen hannu da haƙori biyu babu. Wanda ya yi kokawa ya saba shiga jikin abokin karawa da kai a gaba, a dambe kuwa wannan shi ne miƙa wuya ga wuƙa. Shekarar nan ko fartanya bai ɗaga ba, ni na biya mai ɗori, ni na biya 'yan ƙwadago.

Na faɗi wannan ne don na san ba ni kaɗai ba ne. Duk wanda ke cin kasuwannin Bunguɗu da Gusau da Tsafe ya san gida ɗaya ko biyu da irin haka ta faru. In an zauna majalisa sai ka ji ana cewa yaran yanzu ba su da haƙuri, sun watsar da gado, kwaɗayi ya yi musu yawa. Ni kam ban yarda da wannan magana ba. Yaro ba ya barin wasa sai in wasan ya bar shi da yunwa. Mu da muke kasuwa, in gyaɗa ta faɗi waken suya ya tashi, wa ke tsayawa kan gyaɗa don gado? Abin da muke yi da hatsi shi yaran nan suke yi da ƙarfinsu, wanda shi ne jarinsu.

Bari mu duba abin da kowane wasa yake ajiye wa yaro a faifai. Ƙwallo tana da ƙungiya, tana da riga, tana da gidan kallo a kowane lungu. Ba zan manta da shekarar 1996 ba. A watan Agusta 'yan ƙwallon Nijeriya suka ci zinare a Atlanta ta Amurka bayan sun doke Barazil da Ajantina, ranar 1 ga Oktoba kuma aka ba mu Jihar Zamfara. Muna samari a lokacin, muna manne da rediyo, kuma tun daga nan ƙwallo ta shiga jinin ƙauye. Yau kowane yaro ya san Ahmed Musa, wanda ya tashi daga Kano Pillars ya tafi Turai a 2010, ya ci Ajantina ƙwallo biyu a gasar duniya ta 2014, ya ƙara biyu a ragar Iceland a 2018. Amma abin da ba a gaya wa yara shi ne, ƙungiyoyi 20 ne kacal a babbar gasar ƙasar nan. In kowace ta sa mutum 11 a fili, mutum 220 ke nan a ƙasar da yara masu buga ƙwallo ba su ƙirguwa. Ƙofar ƙarama ce ƙwarai, shi ya sa macuta suke tsayawa a bakinta suna sayar da mabuɗin ƙarya.

Dambe shi kuma kuɗinsa a hannu yake. A da sana'ar mahauta ce, ana yi da kaka, ana bin gari gari da kalangu. Zamanin su Shago da Ɗandunawa, waɗanda marigayi Ɗan'anace ya yi wa waƙa, mutum yana dambensa yana sana'arsa. Yanzu kuwa akwai gidajen dambe na dindindin a Kano da Dei-Dei da Marabar Nyanya, ana biyan kuɗin ƙofa, ga ɓangarori sun kafu, Kudu da Arewa da Guramaɗa da Jamus, kowane yana neman sabon jini. Ana sa mota da babur a gasa. Har kamfanoni irin su Dambe Warriors da African Warriors suna ɗaukar wasan suna nuna wa duniya a intanet. Yaron da ke ƙauye yana ganin wannan duka a wayar abokinsa. Amma waya ba ta nuna masa wanda aka mayar gida a kwance, ba ta kuma gaya masa wa zai biya magani.

To, kokawa fa, me ta ajiye? A nan wajenmu babu komai. Babu ranar da aka sani, babu fage tsayayye, babu kyautar da za ta sa yaro ya yi shekara yana shiri. Da can bayan an kai amfanin gona gida, da farin wata, gari kan gayyaci gari a yi ta kaye har dare ya raba. Rashin tsaro ya kashe wannan. Wa zai fita dandali da dare alhali ana sauraron ƙarar babura? A watan Satumba na 2021 har kasuwannin mako aka rufe a jihar nan, aka kuma katse layukan waya, duk saboda 'yan bindiga. Wasan da ke bin kaka da kasuwa da farin wata, in an taɓa waɗannan ai an taɓa shi. Saboda haka kokawa ba ƙwallo ce ta kayar da ita ba, mu ne muka bar ta ba mai riƙe mata ƙugu.

Wanda ke ganin kokawa ba za ta ciyar da mai ita ba, ya leƙa maƙwabtanmu Jamhuriyar Nijar. Tun 1975 suka kafa gasar takobi, aka fara a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Jihohinsu takwas kowace tana kawo 'yan kokawa goma, ana zagayawa da gasar jiha jiha, an gina fagen kokawa a manyan biranensu. Wanda ya yi nasara a naɗa masa rawani, a ba shi takobi da doki da miliyoyin sefa, ƙasa duka tana saurare a rediyo da talabijin. Har mu nan mun san sunan Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobin sau da yawa. Yaron Maraɗi mai ƙarfi bai rasa inda zai kai ƙarfinsa ba. Tsakaninmu da su fa tafiyar yini ɗaya ba ta cika ba, harshe ɗaya, abinci ɗaya, jiki ɗaya. Ko gasar kokawa ta ƙasashen Afirka ta Yamma an yi ta a Abuja a 2025, kuma a gasar wasanni ta ƙasa akwai kokawa da dambe da langa. Ashe hanya tana nan, matakalar farko ce babu, wato ta ƙauye da ƙaramar hukuma.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, ban ce sauya wasa laifi ne ba. Chioma Ajunwa ta buga wa Nijeriya ƙwallon mata, ta koma dogon tsalle, ta ciyo zinare a Atlanta a 1996 ɗin nan. Hakeem Olajuwon mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa a Legas, masu ido suka ga tsawonsa suka mayar da shi ƙwallon kwando, ya ci kofin Amurka a 1994 da 1995. Amma ga Usain Bolt na Jamaika, wanda ba a taɓa yin mai gudunsa ba, ya gwada ƙwallo a Ostireliya a 2018 abin bai yiwu ba. Bambancin shi ne, waɗanda suka dace sun sauya ne a hannun masu koyarwa da suka auna jikinsu, ba su sayar da san huɗa sun ba baƙo ba. Namu yaran kuwa babu mai auna su, hayaniya da yunwa ke zaɓa musu.

Na san wasu malamanmu za su ce taron kokawa yana tattare da kiɗi da layu da cakuɗuwar maza da mata, ga shi jiharmu ta shari'a ce. Maganarsu abin dubawa ce, ba na jayayya da ita. Amma su malaman ne suka karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, kuma su ne suka gaya mana an hana dukan fuska. In haka ne, gyara kokawa ya fi a bar yara su tsere gidan dambe a wata jiha inda babu idon uba. A yi ta da rana tsakanin la'asar da magariba, kowa da wandonsa, babu caca, babu shaye-shaye. Kuma mu tuna, ba ƙwallo da dambe kaɗai ke zawarcin saurayi mai ƙarfi a Zamfara ba. Ramin zinare yana kiransa, daji ma yana kiransa. Wannan shi ne abin da ke hana ni barci.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Bunguɗu da Gusau da Tsafe, da sarakunanmu iyayen ƙasa, da ma'aikatar matasa da wasanni ta jiha, su sa rana ɗaya sananniya kowace shekara bayan kaka. A fara daga gunduma, a je ƙaramar hukuma, a ƙare a Gusau. A raba yara bisa nauyinsu don kada babba ya karya ƙarami, a ajiye ma'aikacin lafiya a bakin fage. Kyautar kuma ta zama abin da zai zauna: san huɗa, ko injin ban ruwa, ko keken ɗinki, ko buhunan taki. Mu 'yan kasuwa kada mu jira gwamnati. In kowane mai rumfa ya ba da tiya ɗaya ta hatsi, kyautar gunduma ta samu. Ni na yi alkawarin buhun gero ɗaya duk shekarar da aka yi, in Allah ya ba mu rai da damina.

Masu gidajen dambe su ma su ji tsoron Allah. Wanda ya tara muku 'yan kallo da jininsa, in ya karye ku ɗauki nauyin maganinsa, kuma kada a sa sabon shiga gaban wanda ya shekara goma yana kisa. Masu horar da 'yan ƙwallo na tsakani da Allah kuma su riƙa gaya wa yaro gaskiya tun da wuri in ƙafarsa ba ta kai ba.

Daga ƙarshe ina jan kunnen 'yan'uwana iyaye. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi kafin ya gwada ɗanka, ba ƙafar yaron yake so ba, aljihunka yake so. Ƙungiyar gaskiya ita ke biyan ɗan wasa. Kada a sayar da gona ko dabba, kada kuma a bar yaro ya saki karatu ko sana'a, domin ƙarfi baƙo ne, yana da ranar tafiya. Ɗan wana ya warke, yana taya ni awo a rumfa, da yamma kuma yara suna taruwa yana nuna musu yadda ake kama ƙugu. Kwanan baya ya tambaye ni, "Baba, in sun iya, ina za su kai ta?" Ban ba shi amsa ba, shi ya sa na rubuto.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da Nijeriya baki ɗaya, ya shirya mana zuri'a, amin.

Naka mai karatu a kullum,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Rawayya, Ƙaramar Hukumar Bunguɗu,
Jihar Zamfara.