Ra'ayinmu: Wankin Kwayil Ba Ya Wanke Huhu

A 'yan shekarun nan wata sabuwar sana'a ta ɓullo a ɗakunan ɗalibai, sana'ar da ba ta cikin manhajar kowane sashe, watau wankin kwayil na sigarin lantarki. Daga Tudun Wada zuwa Unguwar Rimi, daga Malali zuwa Kawo, inda 'yan makaranta suka kama haya da wuya a rasa wani gwani wanda abokai ke kai wa 'yar na'urarsu in ta fara ƙauri. Mun ga ya wajaba wannan mujalla ta ce wani abu a kan batun. Mun sani sarai wanda ya riga ya zuba kuɗinsa ya sayi abu ba zai jefar da shi don an yi masa faɗa ba. Saboda haka za mu fara da bayanin yadda abin yake aiki da yadda ake kula da shi, sa'an nan mu faɗi matsayinmu ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Duk wanda ya taɓa dafa abinci da risho ya san rabin sirrin wannan na'ura. Akwai tanki mai riƙe ruwa, akwai lagwani na auduga mai tsotso ruwan, akwai kuma wuta. Bambancin kawai shi ne a nan wutar ba ta da harshe. Wata siririyar waya ce aka naɗe, ita ake kira kwayil, batir ya tura mata lantarki ta yi zafi, ta mai da ruwan da ke jikin audugar tururi, mai sha ya zuƙa. Wayar kuwa yawanci ta gamin ƙarafa ce, ko ƙarfe da kuromiyam da alminiyam, ko nikel da kuromiyam. 'Yan sashen injiniya suna iya lissafa ƙarfinta da ka: kwayil mai rabin om in aka ba shi bolt 4 zai ja wat 32, duk a kan wayar da ba ta kai tsawon yatsa ba. Zafinta yakan haura digiri 200. Ruwan tankin kuma haɗi ne na gilisirin da wani sinadari ɗan'uwansa, da kayan ƙamshi da na zaƙi, da nikotin, watau abin nan da ke kama mashayin taba ya hana shi sakat.

To, me ke ɓata kwayil? Abin da ke ɓata gindin tukunya. Ba dukan ruwan ke zama tururi ba. Kayan zaƙin sukan ƙone su manne wa waya, yau kaɗan gobe kaɗan, har su zama baƙin ƙanzo. Audugar ta toshe, ruwa ya kasa ratsa ta, wayar ta ci gaba da zafi a kan busasshen lagwani. Nan ne mai sha ke jin ƙauri da ɗaci a maƙogwaro. Masana sinadarai sun tabbatar cewa a irin wannan hali gilisirin da ɗan'uwansa sukan farfashe su haifar da guba, cikinsu har da fomaldihaid, wanda ɗaliban likita suka san warinsa daga ɗakin da ake adana gawa don karatu. Ƙurar hunturu ta Kaduna tana ƙara wa abin datti ta ƙofofin iska, zafin bazara kuma yana tsinka ruwan ya riƙa yoyo cikin aljihu.

Wanda ya riga ya mallaki abin, ga abin da hankali ya yarda da shi. A raba tanki da batir tukuna, kada ruwa ya kusanci batirin ko kaɗan. A kwance tankin gunduwa-gunduwa, a zubar da ragowar ruwan inda yaro ba zai kai hannu ba, domin ruwan nikotin guba ne in ƙaramin yaro ya haɗiye shi. A wanke gilashin da bakin zuƙa da ruwan ɗumi mai tsabta, a duba robobin da ke hana yoyo ko sun tsage, a shanya kome a inuwa har ya bushe ƙayau. Shi kwayil ɗin kansa, irin wanda masana'anta suka rufe da audugarsa a ciki, ɗauraya ba ta mai da shi sabo. Tana iya rage masa ƙanzo, amma audugar da ta ƙone ta ƙone ke nan. An yi shi ne don a sauya bayan mako ɗaya ko biyu. In an sa sabo, a ɗiga wa audugar ruwan tankin, a jira minti biyar zuwa goma ta jiƙu, kuma kada a wuce adadin wat da aka rubuta a jikinsa. Kada a bar tanki ya ƙafe ana zuƙa. Kada kuma a riƙa ba juna aron bakin zuƙa, don ta nan mura da tari ke zagaya ɗaki.

Akwai dabaru uku da gwanayen ɗakin kwana ke alfahari da su, kuma dukansu ganganci ne. Na farko, kunna waya ba ruwa har ta yi jawur wai don ƙanzo ya kakkaɓe. Wannan yana cin jikin ƙarfen, ɓurɓushinsa kuwa huhu zai nufa. Na biyu, naɗa kwayil da kowace irin waya da aka tsinta. Muna girmama masu naɗin kwayil na Panteka, waɗanda ke ta da matacciyar fanka da injin niƙa, amma ko su za su gaya maka wayar fanka ba ta abin da za a kai baki ba ce. Na uku, cika tanki da ruwan da ba a san wanda ya haɗa shi ba, don ya fi araha. A Amurka, tsakanin 2019 da Fabrairun 2020, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 2,807 da aka kwantar a asibiti da ciwon huhu mai nasaba da zuƙar irin wannan tururi, 68 suka rasu. Bincike ya gano cewa yawancinsu sun yi amfani da ruwan bayan fage mai sinadarin wiwi, wanda aka gauraya da wani mai na bitamin E. Ƙasar da ke da asibitoci irin nasu ke nan, balle mu.

Yanzu sai mu zo ga zuciyar maganar. A ce ɗalibi ya bi dukan ƙa'idodin nan bai tsallake ko ɗaya ba, shin ya tsira? A 2018 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka auna na'urorin mutum 56 masu sha kullum. Suka tarar ruwan da ke cikin kwalba ƙarfen da ke cikinsa kaɗan ne, amma bayan ya shiga tanki ya haɗu da waya sai ga dalma da kuromiyam da nikel sun ƙaru a cikinsa da cikin tururinsa. Abin da ya fi ɗaure kai, sun lura ƙarfen ya fi yawa wajen masu yawan sauya kwayil. Watau tsohon kwayil ya ba ka ƙonannen ƙanzo, sabo ya ba ka ƙarfe. Gaba kura, baya siyaki. Tsabta tana rage wani ɓangare na cutar, amma ba ta taɓa nikotin ba, shi ne kuwa ke sa saurayi ya kasa zama lacca ta sa'a biyu bai laluba aljihu ba.

Wani zai ce ai hukumomin lafiya na Ingila sun ce wannan ya fi sigari sauƙin illa. Gaskiya ne sun faɗa, amma game da babban mutum wanda taba ta riga ta kama, ya bar ta ɗungum ya koma wannan. Su ɗin dai sun ce wanda ba ya shan taba kada ya fara, kuma daga 1 ga Yuni 2025 Birtaniya ta hana sayar da irin wanda ake sha a yar. Indiya ta haramta abin gaba ɗaya tun 2019. Mu tuna kuma, wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro na'urar a 2003. Ita taba sigari an yi shekaru aru-aru ana shanta kafin likitocin Ingila su nuna alaƙarta da kansar huhu a 1950, kuma duk da haka aka buɗe masana'antarta a Zariya a 1959, kakanninmu suka noma mata ganye, iyayenmu suka sha. Abin da bai cika shekara talatin a duniya ba, waɗanda ke zuƙarsa yau su ne zakaran gwajin dafi.

Bisa ga haka muna kira ga ɓangarori uku. Ƙungiyar ɗalibai ta haɗa kai da asibitin makaranta a buɗe ƙofa ga duk mai son dainawa, a taimake shi cikin sirri, ba tare da tonon silili ko barazanar kora ba, domin wanda ake tsoratarwa ɓoyewa yake yi. Hukumomi su tabbatar cewa hanin da dokar taba ta 2015 ta yi na sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba ya hau kan wannan na'ura da ruwanta, a kuma binciki abin da ake ɗurawa a kwalaben. Mu ɗalibai kuwa, musamman manyan aji, mu daina miƙa wa sababbin shiga abin da sunan wayewa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ta kowace fuska yake tanƙwaruwa.

Ga ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai wankin kwayil, shawararmu ɗaya ce. Ran da ka kwance tankin nan, kada ka yi saurin zubar da baƙin ruwan da ya fito. Ka dube shi da kyau cikin haske, ka tuna wannan abin da ya rage a kan waya ne kawai, sauran ya wuce ciki, inda ruwan ɗumi ba ya kaiwa. Kwayil ana sayen sabo a kanti kowane mako, huhun da iyaye suka turo ka karatu da shi kuwa shi za ka koma da shi gida. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu lafiya da ikon gyarawa, amin.