Ruwan duro a hunturu: haɗarin da ake wa dariya a Sharaɗa, Challawa da Bompai

Da ƙarfe shida na safe a watan Janairu, sa'ad da masu aikin dare ke tashi a kamfanonin roba na Sharaɗa da majemun Challawa, jaura na kaɗawa, sanyin Kano kan sauka ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salshiyas. Wanda ya kwana gaban injin narka roba yakan fito sharkaf da gumi. Wanda ya kwana cikin fatu kuwa, warin sinadari har cikin farcensa. Ba mai son shiga adaidaita sahu a haka. Sai a zagaya inda duro ya kwana a buɗe, a cika bokiti, a sheƙa a ka. Mutum ya ja wani dogon numfashi ya daka tsalle, abokai su bushe da dariya: "Kai, ashe ragon maza ne!"

Jarumi da rago duk sai sun ja wannan numfashi, domin jiki ne ke yin sa ba tare da izinin mai shi ba. Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth a Ingila, wanda ya soma nazarin lamarin tun shekarun 1980, ya nuna cewa firgitar da jiki ke yi kan fara bayyana idan ruwa ya yi ƙasa da digiri 25, ta kuma kai ƙololuwa tsakanin digiri 10 da 15. Da ruwan ya taɓa fata, jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashinta sai su tsuke, jini ya hau, zuciya ta shiga bugu da sauri, numfashi ya ƙwace wa mutum na minti ɗaya zuwa uku. Idan ruwan ya rufe fuska, wani saƙon daban kan je wa zuciya cewa ta rage gudu. Saƙonni biyu masu karo da juna a lokaci ɗaya na iya rikita bugunta.

Gaskiya ne sanyin ruwan Kano bai kama ƙafar na tekun da ya ci mutum kusan 1,500 a jirgin Titanic a 1912 ba, kuma sheƙa bokiti bai kai faɗawa cikin ruwa tsundum haɗari ba. Saurayi lafiyayye zai yi rawar ɗari ya wuce. Matsalar tana ga dattijon da ya shekara ashirin a masana'antun Bompai, ga gajiya, ga rashin barci, ga hawan jinin da bai san yana da shi ba. Bincike-bincike a Najeriya sun nuna kusan babban mutum ɗaya cikin uku na da hawan jini, da yawa kuma ba su taɓa gwaji ba. Irin wannan zuciyar ce ba ta son bazata.

A cikin ruwa mai zurfi abin ya fi muni. Kowace shekara Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano na sanar da tsamo gawarwaki daga kududdufai da rijiyoyi. Dalilan suna da yawa, amma wanda ya yi alkafura cikin Kogin Challawa ko wani tsohon ramin ƙasa da sanyin safiya, idan jan numfashin nan ya same shi kansa na ƙarƙashin ruwa, ruwa zai shaƙa, ko da gwanin iyo ne. Shawarar masu ceto ita ce wanda ya faɗa ruwa ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa da ƙafafu, ya jira numfashinsa ya daidaita kafin ya fara iyo.

Abin mamaki, tsoron jama'a ya karkata wani wajen. Za a hana ma'aikaci shan fiya wata mai sanyi, wai yana kawo limoniya, alhali ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta. Haka kuma a bazara, idan zafi ya haura digiri 40, mutum ya yanke jiki ya faɗi gaban inji, jikinsa rau, hankalinsa a ruɗe, sai ka ji ana cewa kada a zuba masa ruwan sanyi. A wannan halin ruwan sanyi ne ceto: a jiƙa shi, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.

Addini ma bai ɗora wa kowa wannan wahala ba. Sahabi Amru ɗan Asi ya yi taimama maimakon wankan janaba a wani dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil, Annabi (SAW) kuma bai yi masa inkari ba. Wanda ke da halin ɗumama ruwa, ya ɗumama. Wanda ba shi da hali, ya huta gumi ya tsane, ya fara jiƙa hannuwa da ƙafafu, sannan ya bi jiki a hankali.

Sai dai nauyin bai tsaya kan lebura ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa masu kamfani samar da ruwan sha da wurin wanke jiki ga ma'aikata. Kamfanin da ke kwana yana ƙona gas da dizal don tafasa tukunyar tururi ba zai ce tankin ruwan ɗumi ɗaya ya gagare shi ba. Ya kamata rassan ƙungiyar masu masana'antu ta MAN na Sharaɗa da Challawa da na Bompai su sa mambobinsu su tanadi ruwan ɗumi ga masu aikin dare daga Disamba zuwa Fabrairu, su kuma riƙa gwada jinin ma'aikata. Jami'an Ma'aikatar Ƙwadago da ke zagayen duba kamfanoni su leƙa bayi da wurin wanka kafin su sa hannu a takarda.