Ƙarfe Ba Duka Ɗaya Ba Ne, Malam

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce direban Illela da ke neman bonet ko ƙofar mota ta asali ɓarnar kuɗi kawai yake yi, wai ɗan kwaikwayo ma ƙarfe ne. Wannan magana ba ta kama hankali ba.

Je ka tsaya wurin mai gyaran bodi ka gani. Ɗan kwaikwayo ramukan kusoshinsa ba sa haɗuwa da na mota, sai an huda sababbi, an bubbuga, an cike giɓi da hoda kafin fenti. Danna shi da babban yatsa, ya lotsa kamar gwangwanin madara. Damina ɗaya, tsatsa ta ɓullo ta ƙarƙashin fentin. Ƙofar kuwa, masu ƙera mota suna sa sandar ƙarfe a cikinta don ta tare bugun gefe. Wa ya gwada ta kwaikwayon? Motar haya mai zirga-zirga tsakanin Sakkwato da Kwanni, fasinja ne ke jingine da wannan ƙofa.

Na yarda da kai a kan tsada. Rufe iyaka a 2019, da kuma na 2023 bayan juyin mulkin Nijar, da faɗuwar naira, sun gigita kasuwar kaya. Amma ka manta da hanya ta uku: na asali da aka ciro daga wata motar, wanda muke kira Beljiyam.

Madubi ko murfin taya, a sayi mai araha. Ƙofa da bonet kam, direbobi, ku nemi na asali ko da tsoho ne.